Aron Baki

Safakis, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga maigidana, Baban Gufran,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Yaya sanyin teku, yaya gwiwar nan taka? Kada ka ce mini "da sauƙi", na san da sauƙinka, ko ƙafar ce ta cire haka za ka ce. Mu nan lafiya lau. Gufran tana gaishe ka, ta ce takalman da ka aiko sun matse ta, ƙafar 'yarka ta kusa kamo taka.

Na ba abokin aikinka Si Hadi wasiƙar nan tare da kwalbar yajin harisa, tunda jibi zai koma Sisiliya wurinku. Za ka ce me ya kawo rubutu alhali ga waya. To kai kana shafe makonni a kan ruwa kana kamun kifin Turawa ba a samunka, ranar da aka same ka kuma yarinyar nan tana tsaye a kaina ta baza kunnuwa. Abin da ke cina ba na so ta ji shi.

Munsif, garin nan ya juya. Tun da aka fara yaɗa maganar cewa baƙaƙen da suka ƙetaro hamada sun zo ne su cinye ƙasa, kowa ya zama mai gadin iyaka. Ana korar su daga ɗakunan haya, ana sauke su daga bas, samari suna tare su a lungu. Mai jifa kuwa ba ya tambayar inda aka yanke maka cibi kafin ya saki dutse. Fata yake gani, fatar kuma ita ce dai tawa da taka da ta 'yarka. Masu tasi sun daina tsaya mini.

Shekaranjiya na kai fallayen malsuƙata, siririyar gurasar nan da nake gasawa, kasuwa, ina sauke kwando sai wani mutum mai tumbi ya tsaya a kaina, ya ce da ni cikin Faransancinsa na kame-kame, "Madam, yaushe za ki koma ƙasarku?" Ka san bakin matarka. Na juye masa Larabcin Gabis tsantsa, na ce, "Biya mini kuɗin mota in koma Gabis ɗin, kakata tana can kwance gindin dabino tun kafin kakanka ya san takalmi." Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo 'yar'uwa, yi haƙuri, na ɗauka 'yar Afirka ce." Sai ka ce ƙasar tamu a sararin sama take reto. Amma ka san abin da ya fi ba ni tsoro? Da ya faɗi haka, sanyi na ji a raina. Na ji daɗi da ya cire ni daga cikinsu.

Tun ranar na gane cewa harshe ne yanzu katin shaida a garin nan. Wanda ya buɗe baki Larabcin gida ya fito, ya tsira. Don haka na zama sarauniyar gaisuwa. Daga ƙofar gida nake fara rabon "aslama" da ƙarfi, in gai da mai burodi, in gai da mai shara, saura kaɗan in gai da kyanwar maƙwabciyarmu Halti Najiba. Na zaunar da Gufran na ce ita ma haka za ta riƙa yi a hanyar makaranta, ta yi gaisuwa tun kafin a tanka mata, kuma ta ɗaga murya.

Ta kalle ni da idanun nan naka ta ce, "Wato Mama, in riƙa shela cewa ni ba su ba ce?"

Na ce, "Ki riƙa shela cewa kina da uwa mai hawan jini."

Ta ce, "Akisi fa? Wace shela za ta yi?"

Ba ka san Akisi ba, bayan tafiyarka suka kama ɗakin ƙasa ita da wasu mata. 'Yar Kodebuwa ce, ba ta kai ashirin ba, aikatau take yi a gidajen masu hali. Ita ke yi wa Gufran kitso, Gufran kuma tana gwada Faransancinta a kanta. Larabcin Akisi bai wuce na sayen burodi ba, shi ma da ji ka san baƙuwa ce.

Ni ce fa na ɗora yarinyar nan a kan wannan hanya. Ka tuna tana ƙarama, lokacin da gidan su Halti Najiba suka zo aron ta ta yi tafiya a gaban amarya, wai baƙar yarinya tana kore kambun baka? Kai ka ce a bar ta ta je, alewa ce za ta samu. Ni na ce 'yata ba laya ba ce. Na ɗora ta a cinya na gaya mata dalili, na gaya mata ma'anar kalmar nan "wasifa" da yara ke jifan ta da ita, cewa baiwa suke nufi, kuma ƙarya suke yi. Shekara da shekaru ina nanata mata cewa in aka wulaƙanta wani a gabanta don fatarsa, kada ta tsaya tambayar ɗan ina ne, ita aka wulaƙanta. Ga shi ta kai sha biyar ta haddace, yau kuma ni nake so ta manta.

Ina tunanin tura ta Gabis wurin ƙanwarka Zina har ƙura ta lafa. Ka faɗa mini ra'ayinka, kuma a wannan karon ka faɗa da baki, kai da kifinka duk ba ku son magana. Ka kula da kanka, kai ma baƙo ne a inda kake.

Matarka,
Afifa

Safakis, tsakiyar Maris

Baban Gufran,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya jiki? Si Hadi ya ce ka rame, ya ce kana kwana da waya a hannu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare ka daga sharrin ruwa.

Na ji abin da ka ce a waya, cewa in sa Gufran a mota yau-yau ba sai gobe ba. Ka ji na yi ta "to, to" kamar wata sabuwar amarya. Ban iya ba ka amsa ba ne don Akisi tana zaune a gabana tana tsince ganyen miya. A gidanka take kwana yanzu.

Ga yadda aka yi. Da rana tsaka Si Lutfi mai gidan hayarmu ya sa aka watso kayan matan ɗakin ƙasa a titi. Sauran suka tattara abin da za su iya ɗauka suka nufi gonakin zaitun na bayan gari, inda da yawansu ke ɓuya. Akisi ta zauna a kan jakarta ta kasa ko kuka. 'Yarka ta dawo daga makaranta, unguwa duk tana kan baranda tana kallo, ta ɗauki jakar ta hau matakala da ita, Akisi na biye. Ta leƙo madafa ta ce, "Mama, ƙara ruwa a miya." Ka gaya mini, da wane bakin zan ce a'a?

Si Lutfi ya tare ni da yamma. Ya ce, "Lalla Afifa, ke tamu ce, ba da irinku ake ba. Amma kada ki ja wa kanki." Na ce, "Si Lutfi, haya nake biya, ban sayi wa'azi ba." Na wuce shi kai a sama kamar gaske. Da na rufe ƙofa sai da na zauna a ƙasa.

Ba a nan ta tsaya ba. Akisi tana taya ni gasa malsuƙa, tanda ta ƙone ta a hannu, wurin ya kumbura ya fara ruwa. Dole a kai ta a duba, ita kuma da ta buɗe baki a bas an gama. Ina cikin lissafin yadda za a yi, sai na ga Gufran ta sa mata tsohuwar rigar sanyina ta ɗaura mata ɗankwali irin namu. Ta ce, "Daga yau yayata ce, kurma ce kuma bebiya. Ni zan yi magana." Kafin in gama cewa kada su kuskura, sun sauka.

Na tsaya a taga har ƙafafuna suka yi tsami. Sai ga su sun dawo da hannu a naɗe, suna dariya har da riƙe ciki. Wai wata tsohuwa a bas ta tambayi me ya sami yayar, Gufran ta shirya mata labarin zazzaɓin da ya kama ta tana goye, da malaman da aka zaga, da ragon da aka yanka a banza. Tsohuwa ta share hawaye, ta tashi ta ba Akisi kujera, ta cusa mata alewa a hannu. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Na ce, "Ke dai kin iya aron baki." Ta ce, "Ai ba albasa na ci mata ba, Mama, magani na saya mata."

Da a ce sau ɗaya ne da na haƙura. Labari ya kai gonakin zaitun. Ranar Talata ta raka wata mai ciki awo, ranar Alhamis wata mai ciwon ido. Tana tashi daga makaranta sai ta ɗauki rigar sanyina ta fice, yayyenta kurame sai ƙaruwa suke yi. Jiya Halti Najiba ta ja ni gefe a wurin mai burodi, ta ce, "Afifa, wace irin annoba ce ta kurmantar da 'ya'yanki mata haka? Ni dai ban ga komai ba, amma unguwa tana da ido, kuma ba duka ne idon alheri ba." Ba da mugunta ta faɗa ba, ta ma ƙara mini burodi daga nata.

Na dawo gida na kulle ƙofa na sa makulli a rigata. Na ce daga yau makaranta kawai, daga can sai gida. Muka yi ta, Munsif, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ta ce, "Ke kika ce in aka taɓa wani ni aka taɓa." Na ce, "Lokacin da na faɗa ba a jifan mutane a titi." Sai ta ce a hankali, "Ashe maganar ta lokacin zaman lafiya ce kawai?" Na shige madafa na kunna famfo don kada ta ji ni.

Na sani, za ka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka faɗa, na yarda. Amma ni bakina kawai na taɓa sa wa a gaba, ita jikinta take sawa. Duk ƙarar babur da na ji a titi sai na leƙa taga. In ta makara da dawowa, har na gama ganin ta kwance a kwalta.

Ga abin da muka shirya. An ce ƙasarsu Akisi ta turo jirgi babban birni don masu son komawa gida, ta ce za ta koma. Ranar Asabar da safe za mu kai ta tasha ta shiga motar Tunis. Da ni za a je, ba zan bar yara su kaɗai ba. Daga nan Gufran ta yi mini alkawari za ta tafi Gabis ba gardama. Wannan ne aron bakin ƙarshe.

Ka sa mu a addu'a. Ka gai da Si Hadi, ka ce masa kwalbar da ya ce ta fashe a hanya, na san cikin da ta fashe.

Taka,
Afifa

Asibiti, Safakis

Munsif,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Kafin komai, Gufran tana da rai, tana gane mutane, kuma likita ya ce za ta warke. Ka sake karanta wannan layin kafin ka ci gaba. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, na san kuna can tsakiyar ruwa, shi ya sa zan ba wa ɗan'uwan Si Hadi wannan ya ajiye maka a tashar jirgi.

Mun fita da safe mu uku, Akisi a tsakiya cikin rigata. A bakin tasha akwai samari zaune a kan baburansu, irin waɗanda suka mai da kansu masu tantance mutane. Tun daga nesa na fara ruwan aslama. Na ce, "Sannunku 'ya'yana, a ba mu hanya, babbar ba ta ji ba ta magana, asibitin Tunis za mu sa ta a mota." Wani ya ce, "Wuce, Halti." Har mun wuce, har na hango motar.

Sai ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai rigar ƙwallo, ya biyo bayan Akisi. Ya kai bakinsa daidai kunnenta ya zage ta da Faransanci, don ya gwada. Ba ta ko ƙifta ido ba. Ya sake, wannan karon uwarta ya ambata, da kalmar da ba zan rubuta ba. Ya ja ɗankwalin ya faɗi ƙasa, ya taka. A nan ne abin ya suɓuce mata. Ka san dogon tsakin nan nasu, wanda suke ja ta tsakanin haƙora kamar ana yaga ƙyalle. Mu ba mu da shi, namu ɗan gajere ne a kan harshe. Ba ta ma san ta yi ba, sai da ta ji shi a kunnenta. Wurin ya yi tsit, don kurma ba ta tsaki kan zagin da ba ta ji ba, 'yar Gabis kuma ba ta irin wannan tsakin.

Gufran ta yi wuf ta ce, "Ni na yi! Ga wani ma in kana so." Ta ja nata, wanda ta koya wurin kitso, ya fito a karkace. Biyu suka yi dariya. Dogon bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Halti, ke tamu ce. Ɗauki 'yarki ki tafi, ki bar mana wannan."

Ƙofa ce ya buɗe mini, Munsif, kuma na nufe ta. Na kama wuyan hannun Gufran na ja da duk ƙarfina, har shatin yatsuna yana nan a jikinta yanzu. Ban kalli Akisi ba. Amma 'yarka ta saƙala ɗaya hannun a na Akisi ta kafe, ta ce wa dogon da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wacce za ta ɗauka? Mu biyu ta haifa."

Ban ga wanda ya yi jifan ba. Ta bayanmu ya zo, guntun bulo ne, ya sami Gufran a gefen fuska. Ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa kamar wadda ta gaji, jini na zuba a kan rigarta. Ni ce na yi ihun, an ce har cikin kasuwa an ji.

Wani tsohon direba, fari sol, ban ma san sunansa ba, ya taso da ƙarfen kwance taya yana cewa, "Ku ji kunya, 'ya'yan banza! A gaban uwa? Wanda ya isa ya matso!" Mata masu jiran mota suka taso da jakunkuna da zagi, samarin suka hau baburansu suka watse. Tsohon ya buɗe motarsa mai zuwa Tunis ya ce Akisi ta shiga. Ta ƙi, ta durƙusa tana kuka tana kiran sunan Gufran. 'Yarka, da bakin nan cike da jini, ta sa hannu ta ture ta wajen motar. Sai da ta ga motar ta tashi sannan ta yarda aka ɗauke ta.

Muƙamuƙin ne ya karye, haƙora biyu kuma sun tafi. Sun ɗaure mata baki da waya, sama da ƙasa a haɗe. Likita ya ce sai ƙashi ya kama za a kwance, kafin nan ba tauna, ba magana, sai abin da zai bi ta tsinken shan lemo. Wadda ta yi ta ƙaryar yaya bebiya, yau ita ce ke nuni da hannu in tana son ruwa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja ruwan nan, amma 'yata ya doka. Ina zaune ina kallon fuskarta a kumbure ina tambayar kaina, da na bar ta ta yi tafiya gaban amarya ta karɓi alewarta, da na koya mata sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana, da yanzu ba tana aji ba? Wani lokacin kuma sai in tuna ni ce na ja hannu ita ta kafe, sai kunya ta rufe ni. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Kada ka bar aikin ka taho a guje, ba abin da za ka ɗaura wanda likita bai ɗaura ba. Amma kada ka yi mini shirun nan naka. Ka kira ka yi faɗa, ka ce ka gaya mini, na fi son haka.

Ta ga ina rubutu, ta nuna ƙirjinta ta nuna takardar. Gaisuwarta ke nan.

Afifa

Safakis, cikin azumi

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa, yaya ibada, yaya azumi a ƙasar da ba a jin kiran salla? Allah ya karɓa mana. Na gode da kiran da ka yi. Na shirya wa faɗa sai na ji kana kuka, ban taɓa ji ba tun rasuwar mahaifiyarka. Ban faɗa wa kowa ba, kada ka damu.

Jikin Gufran da sauƙi, kuma nawa "da sauƙin" na gaske ne. Kumburin ya saɓe. Garin bsisa nake dama mata ruwa-ruwa da man zaitun, da romon kifi a tace. Ta rame, amma idanun suna nan yadda ka san su. Akisi ta isa gida, ta turo saƙon murya daga Abijan, uwarta ma ta yi magana cikin yarensu tana ta sa albarka. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma Gufran ta saurara har wayar ta mutu. Halti Najiba kullum sai ta aiko da miya. Si Lutfi ya gan mu a matakala ya kau da kai, ban sani ba ko kunya ce ko haushi.

Yanzu in zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ce da zarar ta iya tafiya in kai ta Gabis, na ce to, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Tsorona ma ya ninka, don yanzu ko an tare ta ba ta da bakin da za ta ce aslama. Zina ta share ɗaki ta shimfiɗa katifa. Jiya da safe muka ɗauki jaka muka fita, ni a gaba ina rabon gaisuwa ta mutum biyu.

A wurin jiran bas akwai wata mata tsaye can gefe ita kaɗai, da yaro goye a bayanta. Daga goyon kowa ya san daga inda ta fito. Kan yaron ya langaɓe, leɓɓansa sun bushe, ko daga nesa ka san zazzaɓi ne. Bas ta zo ta matsa, mai karɓar kuɗi ya kalle ta ya rufe ƙofa. Wasu maza a shagon gyaran babur suna kallon ta suna magana ƙasa-ƙasa. Na kama jakarmu da kyau na juya mata baya.

Sai na ji an ja hannun rigata. Na ce a hankali, "A'a. Wallahi a'a, Gufran. Dubi bakinki." Ba ta da abin da za ta ce mini, ko tana da shi ba hanyar fita. Ta tsaya tana kallona kawai. Na ce, "Mota za ta tafi ta bar mu. Babanki ya ce." Ta kwance ɗankwalinta ta miƙo mini.

Munsif, na karɓa. Na je wurin matar, na haɗa ɗan Faransancin da ya rage mini na makaranta, na ce ta sauke yaron ta rungume shi a ƙirji yadda muke yi, ta kulle bakinta, kome aka ce mata kada ta tanka, ko da tsaki. Na ɗaura mata ɗankwalin. Bas ta gaba ta zo, na sa ƙafa a ƙofa kafin a rufe, na ce, "Aslama, ɗana! Mu uku ne da jinjiri. 'Ya'yana ne, duk biyun ba sa magana, jikana za mu kai asibiti." Ya kalli matar, ya kalli wayar da ke bakin Gufran, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Halti," ya tashi wani saurayi ya ba mu wuri. Har muka isa ban daina surutu ba, na ba fasinjoji tarihin danginmu kaf, gumi na bin bayana. An karɓi yaron, an sa masa ruwa. Motar Gabis kuwa ta daɗe da tafiya.

A hanyar dawowa Gufran ta kwantar da kanta a kafaɗata, abin da ta daina yi tun tana firamare. Muka shigo gida, ta buɗe jakar ta mayar da kayanta cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ban hana ta ba.

Ka ba Zina haƙuri, ka ce ta naɗe katifar. Kada ka tambaye ni ko daidai na yi, ban sani ba. Kada kuma ka zaci tsoron ya tafi, yana nan, da shi nake sahur da shi nake buɗe baki. Har yanzu in babur ya wuce sai na leƙa taga. Likita ya ce bayan salla zai kwance wayar. Kullum ina roƙon Allah ya kawo ranar in sake jin muryar 'yata, kuma kullum ina tsoron ranar, don na san abin da za ta yi da bakin da zarar an mayar mata da shi. Kafin nan, nawa take ara.

Ka dawo mana da salla in mai jirgi ya yarda. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai kewarka,
Afifa